Yadda muka koyi ɗaure fiyus da waya

Yau hirar tamu a bangon zaure za ta tsaya, wajen ɗan baƙin akwatin nan da ke gefen mita, wanda muke ce wa katawut. Wanda ya tashi a Jega ko Aliero ko Maiyama ya san shi. Wuta ta yi ƙasa, sai a ce wa yaro ya hau kujera ya zare fiyus ya mayar ɗaya layin. Ni ma an sa ni, ina aji biyar na firamare, ba ko takalmi a ƙafata.

Bari mu ɗan koma baya. A Legas aka fara kunna lantarki a Najeriya, a 1896. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, aikin da ya tashi garuruwa da dama a ƙasar Yawuri, a 1972 kuma aka haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun Neja aka samar da NEPA. Daga Kainji babban layi ya taho Birnin Kebbi, a 1976 aka zarce da wani zuwa Yamai. Wato wuta ta bi ta jiharmu ta ƙetare iyaka tun ƙauyuka da yawa suna kwana da aci-bal-bal. Suna ya yi ta canzawa, PHCN a 2005, daga baya kamfanin rarraba wuta na Kaduna, amma har gobe NEPA muke cewa.

Tsarin wayarin ɗin gidajenmu kuwa gadon Ingila ne. Filogin nan mai ƙafa uku ya fito can a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jan ƙarfe ya yi ƙaranci. Ku buɗe na asali ku gani, akwai ɗan fiyus a ciki, mafi girmansa amfiya 13. Aikinsa ɗaya ne: ya ƙone. Siririyar waya ce da aka auna, idan wutar da ke bi ta wuce ƙima sai ta narke ta katse hanya kafin wayar cikin silin ta yi zafi. Breka, wadda Bajamushe Hugo Stotz ya yi wa rajista a 1924, aikin nan take yi, sai dai ita faɗuwa take yi, a ɗaga ta ta koma aiki.

To a nan muka rabu da masu ƙirar. Su sun yi lissafi da wuta mai tsayawa. Mu kuwa wutar ta zo mana da rowa, yau ta yi ƙasa, gobe ta dawo da ƙarfi, taransifoma ɗaya unguwa guda. Mutumin da ya kwana uku a duhu, aka kawo wuta, fiyus ya ƙone, ba zai tsaya tambayar dalili ba. Sai ya samo waya mai kauri ya naɗa. Ban ga laifin iyayenmu sosai ba, don sanda da waya aka kawo musu, ba wanda ya zaunar da su ya ce wannan abin da ke ƙonewa shi ke tsaron gidan. Amma daga ranar da aka ɗaure shi, wurin da ya fi rauni ya tashi daga bangon zaure ya koma cikin silin, inda katako yake.

Ku duba lokacin hunturu. An jona hita a bokiti, an ɗauke wuta, an manta, an kwanta. Ƙarfe biyun dare NEPA ta dawo. Soket ɗin kuma da wayar 1.5 aka ja shi, wadda ta ƙwan fitila ce, maimakon 2.5, saboda mai gida ya ce a rage kuɗi. A gidan hayar da na zauna ina ɗalibi a Aliero haka soket ya narke mana, Allah ya sa wani bai yi barci ba, ya ji ƙauri. Da muka buɗe akwatin, ƙusa muka tarar a gurbin fiyus.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, breka ta gama-gari waya take karewa, ba mutum ba. Wutar da za ta tsayar da zuciya ba ta kai ko kusa da wadda za ta kayar da ita ba. Mai kare rai daban take, ana kiranta RCD, tana faɗuwa da zarar wuta ta fara zurarewa ta inda bai kamata ba, kuma tana da ɗan maɓallin gwaji a jikinta. Wayar at ɗin nan ta uku da masu wayarin ke tsallakewa ita ma ba ado ba ce.

Tun 2015 akwai hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba ingancin aikin lantarki da ba masu wayarin shaida. Idan za ku kira mai gyara, ku tambaye shi takardarsa. Breka kuma in ta faɗi sau biyu a jere, ku zare kayan da ke jone, ku bar ta a ƙasa har ya zo.