Neman Cin Gashin Kai da Matsayin Harshe a Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ikon gudanar da al'amura ya riƙa kusantar talaka ko ya nisance shi a gundumomi uku na jihar Maraɗi, watau Agye da Gazawa da Gidan Rumji, sa'an nan a duba abin da wannan tarihi yake nufi ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci.

Kafin zuwan Nasara

Ƙin yarda da mulki daga nesa tsohon abu ne a wannan ƙasa. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta na dā suka yiwo arewa. Wajen 1819 mutanen Maraɗi suka yi wa wakilin Fulani tawaye, suka karɓi Ɗan Kasawa ya zama sarkinsu. Haka nan Gobirawa, bayan da aka ci su a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Waɗannan sarautu biyu sun shafe sauran ƙarni na 19 suna kare kansu daga Sakkwato. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1904 da ta 1906 su ne suka tabbatar da ƙasar a hannun Faransa. Daga nan sarki ya koma ƙarƙashin kumandan, magana kuwa sai ta bakin tafinta.

Zamanin Sawaba

Dokar 1956 ta ba ƙasashen da Faransa ke mallaka majalisun gwamnati na kansu, a 1957 kuma Jibo Bakari ya jagoranci ta Nijar. Sunan jam'iyyarsa, Sawaba, kalmar Hausa ce, kuma ƙasar Maraɗi tana cikin wuraren da ta fi samun magoya baya. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta nemi a ce "a'a" domin a sami mulkin kai nan take, amma sakamakon da aka bayyana ya ba "i" kusan kashi 78 cikin ɗari. Aka haramta jam'iyyar a 1959, aka sami mulkin kai a 1960 ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, iko duka ya tattaru a Yamai.

Rarraba mulki

Gyaran 1964 ya kasa Nijar zuwa manyan yankuna 7 da ƙanana 32, amma shugabanninsu naɗa su ake yi daga sama. A 1972 aka ɓallo Agye daga Tasawa, Gidan Rumji kuma daga Maraɗi. Sai a Yuli 2004 ne talakawa suka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi 265 na ƙasar, cikinsu har da Agye, Caduwa, Gazawa, Gangara, Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. A 2011 Gazawa ta rabu da Agye ta zama gunduma. A Afrilu 2024 kuwa hukumomin soja suka rushe waɗannan majalisu, suka naɗa kantomomi a madadinsu.

Abin lura a nan shi ne, ko a shekarun da majalisu suke aiki, muhawara da Hausa ake yin ta, amma kasafin kuɗi da takardar zama da rasit ɗin haraji da Faransanci ake rubuta su. Zaɓaɓɓen da bai shiga lakwal ba ya kan sa hannu ga abin da ba ya iya karantawa, manomin da ya biya haraji kuma ba shi da hanyar binciken inda kuɗinsa suka tafi. Ke nan tafinta bai tafi ba, kujera kawai ya sauya.

Misalin Wels

Ƙasar Wels ta Birtaniya tana ba da abin kwatance. An kafa jam'iyyar Plaid Cymru a 1925, kare harshe kuwa shi ne babban burinta na farko. A 1979 masu ƙuri'a suka ƙi majalisar kansu da rinjayen kusan huɗu bisa ɗaya. A 1997 suka yarda da ita da ƙyar, da kashi 50.3. A tsakanin nan an sami tashar talabijin ta harshen a 1982, da dokar 1993 wadda ta wajabta wa ma'aikatu yin aiki da shi daidai da Ingilishi. Watau harshe ya riga majalisa shiga ofis.

Kammalawa

Nijar ba ta rasa tubalan wannan gini ba. Taron Bamako na 1966 ya tsara haruffa, an buɗe makarantun gwaji a 1973, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10, kundin 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Abin da ya rage shi ne daidaita kalmomin mulki da na kuɗi, da fassara takardun ƙananan hukumomi, da sanya su cikin darussan manya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ba a toshe wannan tsagar ta harshe ba, duk ikon da aka miƙa wa Gangara ko Cadakori zai tsaya ne a hannun ƴan kaɗan masu jin Faransanci.