Hukuncin Goge Ɗige-ɗigen Leɓe Na Gado Da Hasken Lesa

Tambaya: Malam, 'yata tana da baƙaƙen ɗige-ɗige a leɓɓanta da yatsunta tun tana ƙarama, mahaifinta ma yana da su. Likita ya ce ciwon gado ne mai suna Peutz-Jeghers, kuma ana goge su da hasken lesa. Ga shi aurenta ya matso. Shin yin haka canza halittar Allah ne?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, babu laifi a goge su. Abin da aka zarga a Suratun Nisa'i, aya ta 119, shi ne canza lafiyayyar halitta, kamar masu shafa bilicin don neman fari. Wannan kuwa kawar da aibi ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfajatu bin As'ad a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa sai ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ma, a taronta na Malesiya a 2007, ta halatta gyara aibin da aka haifi mutum da shi. Sharaɗi dai ƙwararre ne zai yi aikin, mace idan an samu, kuma cutarwarsa kada ta rinjayi amfaninsa.

Amma ni ba leɓen ne ya fi damuna ba. Lesa tana farfasa launin da ya taru a fata ne kawai, ciwon yana nan daram. Masu shi sukan samu tsiro a hanji, wanda kan jawo zubar jini ko hanji ya naɗe ya toshe, kuma haɗarin ciwon daji ya fi yawa a kansu. Saboda haka wajibi ne ku kai ta wajen likitan ciki a riƙa duba ta, ita da mahaifinta, ko da an goge ɗigon tas.

Batun aure kuma, ku sanar da manemin. Duk ɗan da za ta haifa, yiwuwar ya gaji ciwon rabi da rabi ce. Idan aka goge alamar don a ɓoye masa, to an shiga algus, wanda Annabi (SAW) ya hana.

Allah ya ba ta lafiya. Wallahu a'alam.