Yadda Kalifoniya Ta Fara Dokar Tsimin Makamashi a Gine-gine

A watan Oktoba na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin da aka yi a waccan shekara, farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, sai jihar Kalifoniya ta farga cewa yawancin gidajenta da ofisoshinta an gina su ne a zamanin da lantarki ke da arha, ba tare da an damu da yawan wutar da za su sha ba. A 1974 majalisar dokokin jihar ta zartar da dokar Warren-Alquist, gwamna Ronald Reagan ya sa mata hannu, aka kafa Hukumar Makamashi ta Kalifoniya, kuma a 1978 ƙa'idojin farko na tsimin makamashi a gine-gine suka fara aiki a Babi na 24 na kundin ƙa'idojin jihar.

Abin da irin wannan ƙa'ida ke ƙayyadewa shi ne mafi ƙarancin ingancin da sabon gini zai kai kafin a ba shi izini, wato kaurin abin da ake cusawa cikin bango da rufi don hana zafi ko sanyi ratsawa, da irin gilashin taga, da fitilu, da na'urorin sanyaya ɗaki da na ɗumama ruwa. Dalilin mayar da wannan doka, maimakon barin shi ga son ran magina, yana da ƙarfi ƙwarai, domin wanda ya gina gida don sayarwa ba shi zai biya kuɗin wuta ba, alhali wanda ya shiga gidan zai yi shekaru hamsin ko fiye yana biyan kuɗin sakacin da aka yi ranar ɗora rufi, kuma gyara bango bayan an gama gini ya fi tsada nesa ba kusa ba. Shimfiɗa ƙa'ida ɗaya a kan jihar baki ɗaya ya hana magina gudu zuwa garin da dokarsa ta fi sassauci, sannan ya ba masu ƙera tagogi da na'urori kasuwa mai girman da ta isa su sauya kayansu.

Masanin kimiyyar fiziks Arthur Rosenfeld na jami'ar Berkeley, ɗalibin masanin fiziks Enrico Fermi, wanda ya bar binciken ƙwayar zarra ya koma nazarin tsimin makamashi, ya taka rawa babba a wannan tafiya, har ake danganta sunansa da wani lamari sananne: tun tsakiyar shekarun 1970 lantarkin da kowane mutum ke sha a Kalifoniya bai ƙaru sosai ba, yayin da na sauran Amurka ya yi ta hauhawa shekaru da dama. Masanin tattalin arziki Arik Levinson ya nuna cewa sassaucin yanayin jihar da yawan mutanen da ke zaune a gida ɗaya suna da kaso mai tsoka a wannan bambanci, kuma gyaransa abin karɓa ne, sai dai bai rushe hujjar da ta shafi magini da mazaunin gida ba.

Ana sabunta ƙa'idojin kusan duk bayan shekaru uku, kuma daga 1 ga Janairu 2020 suka wajabta ɗora faifan lantarkin hasken rana a kan yawancin sababbin gidajen zama.