Mandriva, Bakolori da Tambayar Mai Gyara

A ƙarshen Oktoban 2007, François Bancilhon, shugaban wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, kuma a kan Najeriya ya yi ta. An yi cinikin ƙananan kwamfutocin ɗalibai 17,000 ƙirar Classmate na Intel domin makarantun ƙasar nan, aka zaɓi Mandriva Linux ta zama babbar manhajar da za ta tafiyar da su. Kwatsam sai labari ya iske shi cewa za a biya kuɗin manhajar tasa, amma da zarar kaya sun sauka za a goge ta a ɗora Windows. Kwanaki kaɗan bayan wasiƙar, asusun USPF, mai ɗaukar nauyin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya ce shi da Mandriva zai ci gaba.

Yawancinmu masu rubuta manhaja a yau muna sakandare lokacin. A jami'a muka ji labarin, muka ɗauke shi kamar na ƙaramin ɗan kokawa da ya kayar da ƙato. Sai da muka fara riƙe kwamfutocin jama'a da hannunmu muka lura cewa a duk hayaniyar nan ba mu tambayi wanda zai riƙa gyara manhajar bayan shekara goma ba.

Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991 inji ne kawai. Wasu ne ke ɗaukar sa su haɗa shi da dubban manhajoji, su raɗa wa haɗin suna, su ɗauki alkawarin toshe duk ɓarakar da ta bayyana. Mandriva ɗaya ce daga irin waɗannan. Ta fara a 1998 da sunan Mandrake, ta yi suna wajen sauƙin ɗorawa, ta sauya suna a 2005 bayan haɗewa da Conectiva ta Brazil. Sai dai kamfanin bai taɓa samun natsuwar aljihu ba. A 2010 aka sallami da yawa daga ma'aikatansa, a 2011 ya fitar da bugu na ƙarshe, a 2015 aka rufe shi. Abin da ya tsira shi ne rubutun manhajar, domin a buɗe yake: tsofaffin ma'aikata da masu sa kai suka kwashe shi suka ci gaba da sunan Mageia.

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san wannan tambaya tun kafin kwamfuta ta zo. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka kammala a 1978, da niyyar shayar da kusan hekta 23,000. Kaso mafi girma an tsara shi ne da injinan feshin ruwa masu buƙatar lantarki da kayan gyara na waje. Waɗannan su ne suka mutu. Magudanan da ruwa ke gangarowa da kansa, waɗanda manoma ke iya yashewa da shebur, su suka ci gaba da ba da shinkafa. Duk lokacin da aka kawo mana sabuwar manhaja mai ƙyalli, Bakolori ke faɗo mana a rai.

Shi ya sa da yawanmu muka koma Debian, wadda ba ta da kamfani ko ofishin da za a rufe. Ian Murdock ya kafa ta a Agustan 1993, masu sa kai ke tafiyar da ita, su ke zaɓen shugabansu duk shekara, kuma tun 1997 suka rubuta alkawarin cewa ba za su ɓoye matsalolinsu ba. A kanta aka gina Ubuntu a 2004. Ana yi mata tsiyar cewa manhajojinta tsofaffi ne, kuma da gaskiyar masu tsiyar, tunda kusan duk shekara biyu take fitar da sabon bugu.

Sunanta ma ya taɓa shan ƙasa. A 2006 wani mai kula da OpenSSL a Debian ya cire wasu layuka domin kawar da gargaɗin da manhajar bincike ke yi, bai san ya kashe hanyar samar da lambobin da ba a iya hasashe ba. Makullan sirrin da ya kamata a ce ba su ƙirguwa sai suka koma 32,768 kacal a kowane nau'i. Kusan shekara biyu ba wanda ya lura, har Luciano Bello, ɗan Ajantina kuma ɗan Debian, ya gano. A ranar 13 ga Mayun 2008 suka fito da kansu suka faɗa wa duniya, suka ce duk makullin da aka ƙera a tsakanin nan a jefar da shi, suka ba da manhajar gano gurɓatattun. Abin kunya ne babba, mu dai ba ma yi masa kwaskwarima. Amma muhawarar da ta haifi kuskuren tana nan a rubuce, kowa na iya karantawa, kuma a ganinmu wannan ne ya sa ba a gudu an bar su ba.

Gwajinmu na gida ya zo a Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk manhajar da sai ta leƙa intanet ta tabbatar da lasisi ko ta ɗauko wani ɓangare nata, ta zama kaya. Debian 11 ta fito ne a tsakiyar Agusta, kuma ana iya sauke rumbun manhajojinta gaba ɗaya a ajiye. Wani abokin aikinmu ya kawo mana shi a filashi daga Sakkwato, da shi muka tashi kwamfutocin wata makaranta a Mafara, muka ɗora abin rubutu da na lissafi ba tare da sabis ba. Gyare-gyaren tsaro kam ba su iso mu ba sai da aka dawo da layi, kuma ranar da muka haɗa kwamfutocin, mun kwana muna sauke su.