Kafin Giyar Keke Ta Dawo Yatsa

A yau idan muka tunkari hawa a keken tsere, da yatsa muke canja giya, sarƙa ta hau babban faranti na baya, feda ta yi sauƙi. A shekarun 1920 kuwa, ɗan gasar Tour de France sai ya sauka a gindin dutse, ya kwance tayar baya ya juya ta, don kowane gefe da giyarsa. Henri Desgrange, wanda ya kafa gasar a 1903, ya daɗe yana ƙin na'urar canji. Sai a 1937 aka halatta ta ga kowa. Darasinsu na nan: mu canja kafin hawa ya yi tsanani, mu sassauta feda, kada sarƙa ta goce.