Taƙaitaccen Tarihin 'Yan Wasan Gefe a Ƙwallon Ƙafar Nijeriya

Sau da yawa idan ɗalibai suna hirar tamaula, wanda ya jefa ƙwallo a raga shi ake yabo, a manta da wanda ya ɗauko ta tun daga bakin layi. Saboda haka a wannan 'yar maƙala ina so in waiwayi tarihin 'yan wasan gefe, watau masu lamba 7 da lamba 11, domin mu ga yadda aikinsu ya yi ta sauyawa.

Turawan Ingila ne suka kawo mana wannan wasa, tare da tsarinsu na jera 'yan gaba biyar. A zamanin da Kano ta ci Kofin Gwamna, cikin 1953, aikin ɗan gefe guda ɗaya ne: ya manne wa layi, ya yanke mai tsaron baya, ya sheƙa har kusa da kwana, sa'an nan ya aiko da ƙwallo gaban raga. Mai ƙafar dama a dama, bahago a hagu, kowa da gonarsa.

Al'amarin ya fara sauyawa a idon 'yan Nijeriya cikin 1980, lokacin da muka ci Kofin Afirka a Legas. Segun Odegbami na dama, Adokiye Amiesimaka na hagu. A wasan ƙarshe aka ci Aljeriya uku da nema, biyu daga ciki Odegbami ne ya ci. Daga nan aka gane ashe ɗan gefe ma yana iya zama maciyin ƙwallo.

Mu 'yan Arewa kuwa, wanda ya fara fitar da mu kunya a wannan gurbi shi ne Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna. Daga Niger Tornadoes ta Minna ya tafi ƙasar Holan, har Ajax ta ɗauke shi a 1996 ya maye gurbin Finidi George. A shekarar nan ya samu lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta, a 2000 kuma ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka. Babban makaminsa gudu ne, ga shi gajere, kafin mai tsaron baya ya juya ya wuce.

Sai Ahmed Musa, wanda ya taso a Jos, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. A kansa ne muka ga sabon salo, inda ake ajiye mai ƙafar dama a hagu domin ya kutso ciki ya buga da kansa. Haka ya yi wa Ajantina a Kofin Duniya na 2014, inda ya ci biyu, ya sake cin Aisilan biyu a 2018.

To, me wannan tarihi yake koya mana? A garinmu Wurno, da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, yaro ya fi kowa gudu sai a ce masa, "Je ka lamba bakwai," shi ke nan an gama koyarwa. A ganina nan ne muke asarar yara. Gudu baiwa ce, amma ɗan gefen yau dole ya iya buga ƙwallo da ƙafa biyu, ya ɗaga kai kafin ya aika, ya san lokacin yanka da lokacin bayarwa, ya kuma koma baya ya taya tsaro. Duk waɗannan koyonsu ake yi, kuma bango da ƙwallo ɗaya sun isa a fara horar da ƙafar hagu.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, idan mun koma gida hutu, mu leƙa filayen firamare da la'asar mu nuna wa ƙannenmu abin da muka sani. Allah ya sa mu dace, amin.