Asalin azuzuwan yara masu nauyin karatu a Faransa, da darasinsa ga Nijar

1. Wajabta lakwal

Ranar 28 ga Maris 1882 dokar Jules Ferry ta wajabta karatu a Faransa ga yara ƴan shekara 6 zuwa 13. Kafin nan, yaron da karatu ya yi wa nauyi yakan koma gona ko sana'a, ba mai lura da shi. Da aka tara kowa a aji guda, bisa manhaja guda, sai malamai suka shiga kuka da waɗanda suka kasa bin sahu, da kuma marasa natsuwa. Aka laƙaba wa na farko "arriérés", na biyu "instables". Ke nan tsarin lakwal ne ya fito da wannan rukuni fili.

2. Ma'aunin Binet da dokar 1909

A 1904 gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Léon Bourgeois don duba lamarin, Alfred Binet na cikinsa. A 1905 shi da likita Théodore Simon suka fitar da ma'aunin fahimta mai gwaji 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A 1908 suka jera su bisa shekarun yaro. A ganin Binet, fahimta na ƙaruwa da horo, don haka amfanin awon shi ne gano mai bukatar taimako.

Dokar 15 ga Afrilu 1909 ta ƙirƙiro azuzuwa na musamman ("classes de perfectionnement"), amma ba ta tilasta wa hukumomin garuruwa buɗe su ba, shi ya sa kaɗan aka samu kafin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1991 aka maye gurbinsu da wani tsari, sannan dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta ba naƙasasshen yaro haƙƙin rajista a makaranta mafi kusa da gidansu.

3. Darasi ga Nijar

Nijar ta gaji lakwal daga Faransa, haɗe da harshenta. Ɗan Maraɗi ko Tawa da ya shiga aji bai taɓa jin Faransanci ba, in ya kasa karatu, ta yaya malami zai rarrabe naƙasar koyo da rashin jin harshe? Makarantar gwaji da aka buɗe a Damagaram a 1973, mai koyarwa da Hausa, ta ba da hanyar tunkarar wannan tambaya. Duk awon da za a yi wa yaro, wajibi ne a yi shi cikin harshensa, tun kafin a yanke masa hukuncin cewa kansa ba ya ja.